Jirgin Kakana a Kan Faifai

Ƙanshin kwali da ya sha damina ne ke mayar da ni gidanmu na Bagudo, gaban kakana.

Da ƙuruciyarsa ya yi aikin zuba gawayi a jirgin ƙasa can Parakou, a tsallaken iyaka. Da ya dawo ya ce ya ciyar da ƙarfe wuta, ya shayar da shi ruwa, sai majalisa ta mayar da shi abin dariya. Mutanen kogi ne, kwalekwale suka sani. Har tsufansa in ya wuce sai wani ya yi masa kukan jirgi. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata damina wani ɗan gwanjo ya kawo masa kwali daga tsallaken iyaka, cike da gutsattsarin hoto, murfin ya yage. Ɗan gwanjon ya ce in an harhaɗa, jirgi ne. Idon kaka ya riga ya yi rauni, sai aikin ya dawo kaina. A kan faifan kakata nake jerawa, in ruwa ya sauko in ruga da shi ɗaki.

Baffana ya tarar da ni. "Karta ta wagga! Ba ta kwana gidanga, wuta za ni sa mata."

Na tattare su a gefen zanena na ƙulle. "Ba ni ba ka."

Na sha bulala har hannunsa ya gaji, ban kwance ba. Kowa ya ce yarinyar nan ta cika taurin kai. To, na cika, kuma ban tuba ba.

Ranar da na gama, na ɗauki faifan a ka har majalisa, inda mace ba ta zuwa, na dire gabansu. Baƙin jirgi, hayaƙi na tashi. Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, kai ina kaka tsayawa?"

Kaka ya lalluba da yatsa daga bututun hayaƙi ya yi baya, ya tsaya. "Nan."

Yau 'ya'yana a waya suke haɗa irin wannan, ba mai ɗaga musu bulala. Layin dogo bai iso Bagudo ba har yanzu. Amma tun daga ranar har Allah ya karɓi kakana, ba wanda ya sake yi masa kukan jirgi.