Kunnen Baba Tukur

Jiya a Jega, bakin hanyar Maiyama, wani direba ya kwaɗa wa tsohon bakanike sifana a kunne saboda ya gaya masa gaskiya.

Ban san tsohon ba, na dai ji ana ce masa Baba Tukur. Siriri ne, gemu fari fat, yatsu baƙi ƙirin, ɗaya guntu. Har yanzu ina ganinsa tsaye gaban wata tsohuwar jif mai ja da taya huɗu, mu mata biyar muna jiran hawa da albasarmu. Ya dafa bakin sukudireba a jikin inji, ya kara kunne a mariƙin, ya rufe ido kamar ungozoma.

"Taka kuloci," ya ce wa direban. "Saki. Ka jiya? Sai ka taka kukan ke tasowa. Inji lahiya lau yake, ɗana. Ƙafarka ce ba ta sauka kan kuloci, ita ta cinye shi. Kada ka ɗauki mutane cikin motar ga."

Maganar ƙarshen ce ta jawo masa dukan. Jini na bin wuyansa, bai rama ba, ya duƙa yana laluben sukudirebansa cikin ƙasa. Ina jin shekara arba'in ya yi yana ciyar da gida da kunnen nan.

Mu mun fasa tafiya, direban ya kwashi wasu ya wuce. Shugabannin direbobi, kuna zaune kan benci kuka gani. Ku hana motar nan lodi, ku miƙa direban ga hukuma, ku kai tsohon a duba masa kunne yau.