Wurare Huɗun da Kawu Isiyaku Bai Gani Ba

A wannan watan Kawu Isiyaku ya cika shekara huɗu da rasuwa. Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya samo mini bizar tuƙi ya kawo ni Riyadh, kuma ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Jaradiya har shekara shida. Shi kuwa shekara goma sha tara ya yi a garin nan, yana sauke kaya a kasuwar kayan gwari ta Aziziya. Duk shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana dai na daure.

Wanda bai taɓa zama nan ba zai yi mamaki a ce mutum ya daɗe haka a birni bai san shi ba. Kawu hanya uku ya sani: ta kasuwa, ta masallacin Juma'a, sai ta unguwar Batha inda yake aika wa iyali saƙo. Dogayen gine-ginen da ake nunawa a talabijin, daga bayan motar kaya yake hango su. Bai taɓa nuna abin ya dame shi ba, har lokacin da ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ce ƙoda ce. Kamfanin da yake wa aiki ya ce ba zai sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, ba, aka buga masa takardar fita ta ƙarshe, aka yankar masa tikitin Kano.

Saura mako biyu ya tafi, autarsa Zainab ta kira daga Katsina. Cikin wasa ta ce ya zo mata da hoto ko ɗaya ne wanda babu kwandon tumatir a bayansa, don ƙawayenta sun fara cewa ba a Riyadh babanta yake ba. Ya yi dariya sosai. Amma da ya ajiye wayar sai ya tambaye ni, ni da nake yawo da mota, ko akwai yadda mutum zai ga garin nan cikin kwana biyu ko uku.

Na san da wani kati da ake saya ta waya, don na taɓa kai baƙin kafilina, wato maigidan da nake wa tuƙi, wuraren da yake buɗewa. Kati ɗaya ne, wurare biyar: tsohon garin Dir'iyya, gidan tarihi, gidan namun daji, bas mai hawa biyu da ke zagaya gari, da doguwar hasumiyar nan mai gada a ƙololuwarta. Ya fi sauƙi a kan a bi su ɗaya-ɗaya. Sharaɗinsa shi ne, daga ranar da ka shiga wuri na farko kwana uku gare ka, in sun wuce katin ya mutu. Na saya mana biyu. Duka suna cikin wayata, domin ta Kawu ƙaramar nan ce mai maɓallai.

Ban taɓa ganin sa cikin nishaɗi irin na wannan makon ba. Kullum bayan la'asar sai ya jawo wani yankin kwalin lemo ya ɗora a gwiwa, ya rubuta, ya soke. Yana tambayata nisan wuri zuwa wuri, da inda za mu yi salla, da inda akwai kujeru don ƙafarsa. Daga ƙarshe ya tsayar: Alhamis Dir'iyya, Juma'a bayan masallaci gidan tarihi da namun daji, Asabar bas, sannan hasumiya dab da magariba, don ya ga garin da haske ya kuma ga an kunna fitilu. Na ce mu fara da hasumiyar, tunda ita ce a ransa. Ya ƙi. Ya ce shi ba ya fara cin nama kafin tuwo, na bar maganar. Har yau ina juya wannan a raina.

Na roƙi kafilina hutun kwana uku da aron mota. Ya ce insha Allahu, ni kuma na ɗauka ya amince.

Ranar Alhamis Kawu ya sa farar jallabiyar da ya saya don sauka Kano. Muna shiga Dir'iyya ya tsaya ya dubi katangun ƙasar nan, ya dube ni, ya ce ashe mun baro ginin ƙasa a gida mun zo nan ana duba mana kati kafin mu ga ginin ƙasa. Mahaifinsa magini ne. Ya shafa bango da tafin hannu, ya ce wanda ya kwaɓa wannan ƙasar ya san aikinsa. Bai iya zagaya ko rabin wurin ba, numfashi ya hana. Ya zauna a inuwar wata katanga, na ɗauke shi hoto a nan.

Muna hanyar dawowa bayan magariba kafilina ya kira. Iyalinsa za su birnin Dammam biki, da asuba za mu tashi. Na tuna masa maganar hutun, ya ce ai bai ce eh ba. Iƙamata a hannunsa take, sabuntawarta ta kusa. Kawu yana ji, ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru, na ce wa kafilina to. Na nemi wanda zai kai shi in tura masa katin a wayarsa. Mutum uku na kira. Biyu suna aiki, na ukun ba shi da mota. Kawu ya ce in je abina, ranar Asabar sai mu haɗa duka huɗun.

Asabar bayan la'asar na dawo, na tarar maƙwabta sun kai shi asibiti tun hantsi. Ina zaune a barandar asibitin saƙo ya shigo wayata da Larabci, ana tuna mini cewa saura mini wurare huɗu, katin zai ƙare yau. Na karanta, na mayar aljihu. Da aka bar ni na shiga, ya buɗe ido ya ce, "Habibu, kwana ukun sun cika?"

"Yau za su cika, Kawu."

"To, ba komai. Ka tura wa Zainab na Dir'iyya."

Ya rasu ranar Laraba, saura kwana biyar jirginsa ya tashi. A nan muka binne shi. Na tura hoton bayan kwana bakwai. Zainab ta yi godiya, ta ce wurin kamar lungun gidan kakanta.

Yanzu garin ya sake. Jirgin ƙasa na ratsa Batha, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa, wani wuri a sama, kuma yana tsayawa kusa da hasumiyar. Mutum ba ya buƙatar direba, ba ya buƙatar izinin kowa. Nakan tsaya a tashar in ga dattawa irinsa, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da 'yan Sudan, suna shiga da ledojinsu. In da yana nan, na san abin da zai fara tambaya shi ne ko ana barin mutum ya hau da buhun albasa, daga nan ya yi tsaki ya ce sanyin ciki ya yi yawa. Amma da ya je da kansa ran Juma'ar nan. Shekara biyu da 'yan kai ne tsakaninsa da wannan jirgin. Ina ta neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu wanda ya isa ya ɗauka duka ba. Kafilina har yanzu ni nake tuƙa shi, kuma ba na jin ya taɓa sanin abin da kiran nan ya ci.

Iyalinsa sukan tambaye ni kabarinsa. A nan ba a rubuta suna, duwatsu ne jere iri ɗaya. Shekarar farko ina gane layin, yanzu an ƙara layuka da yawa, sai dai in tsaya a bakin fili in yi wa kowa addu'a. Ɗakinmu wasu ne a ciki. Abokan aikinsa galibi sun koma gida.

Makon jiya na je Aziziya sayayyar gidan kafilina. Wani magidanci daga Birnin Konni, wanda bai fi wata biyar da zuwa ba, ya ɗaure mini bakin buhun dankali da wani irin ƙulli da ba ya kwancewa a mota, amma ja ɗaya ya ishe shi. Na tambaye shi inda ya koya. Ya ce a nan aka koya masa, kowa a layin masu sauke kaya haka yake yi, ɗaurin Isiyaku suke ce masa. Na tambaye shi ko ya san Isiyakun. Ya ce a'a, ya ɗauka sunan ƙullin ne kawai. Na buɗe baki zan gaya masa, sai wata motar kaya ta tsaya, aka ƙwala masa kira. Ya saɓa mini buhun a kafaɗa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya nufi wajen motar.