Taswirar Baba Kar-ka-motsa

Surukina mai ɗaukar hoto ne, kuma duk layinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Kar-ka-motsa ake ce masa, don maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan tun yana saurayi, lokacin da yake yawo da kyamara a wuya. Da ƙafa ta fara gajiya sai ya kama shago tsakanin wani tela da mai sayar da magani, ya rataya shuɗin labule a bango, ya ajiye kujera a gabansa. Da wannan shagon ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'yansa, har da wadda ke ɗakina.

Ba masu zuwa hoto kaɗai dokar ta shafa ba. A shagon nan komai kar ya motsa. Ƙafafun kujerar an zagaye su da fenti a ƙasa, haka ma ƙafafun sandar kyamara. Almakashi yana da ƙusarsa. Ranar da matata ta je ta share masa shago ta gusar da kofin shayinsa daga dama zuwa hagu, kwana da kwanaki ciki-ciki yake amsa gaisuwarta.

'Ya'yansa sun daɗe suna so ya rufe shagon ya zauna a gida. Babban wansu ma ya faɗa a gaban kowa: duk ranar da Baba ya kasa aikin shi kaɗai, za a mayar wa mai shago makullinsa. Baba ya ji, kuma daga ranar ya riƙa buɗe shago tun kafin tela ya iso.

Ni gyaran kwamfuta nake yi. Wannan ya sa duk wani abu mai waya a jiki da ya lalace a dangin matata, a kaina yake sauka, kuma ladana "Allah ya yi albarka". To, firintar Baba ta mutu, ya je ya sayo sabuwa bai yi shawara da kowa ba, ta ƙi aiki, sai ga kira.

"Injiniya, sun sayar min da matacciya."

Na je na duba. Na ce, "Baba, firintar lafiyarta ƙalau. Babbar manhajar kwamfutar ce ta tsufa, wato wadda ke tafiyar da komai a ciki. Sabuwar firinta ba ta aiki da ita. Sai an sa sabuwa."

"Ta tsufa? Kwanan nan fa na saye ta."

Kwanan nan ɗin, lokacin ina zaryar neman 'yarsa ne, ga shi yanzu 'yarmu ta fari tana sakandare. Amma suruki ne, sai na haɗiye.

Na buɗe masa shafin masu manhajar a wayata, na karanta masa. Iri biyu ce, akwai ta gida, akwai ta 'yan kasuwa mai tsada. Na ce ta gida ta ishe shi.

"Ni a gida ka gan ni? Ka ga tabarma a nan?"

Na faɗi kuɗin ta 'yan kasuwa. Ya ce, "To ta gidan nawa?" Na faɗa. Ya ce, "Ka ce su rage."

"Baba, ba mutum ba ne, shafi ne."

"Shafin ba shi da mai shi? Rubuta musu rabi, in sun ƙi ma ƙara."

Wallahi sai da na nuna masa babu wurin rubuta tayi. Tela, da kunnensa ke shagonmu fiye da nasa, ya leƙo ya ce akwai mai sa irinta kyauta a bayan kasuwa. Baba ya tambaye ni yaya ake samunta kyauta, na ce ta sata ce. Nan ya wanke tela tas, ya ce kayan sata ba su taɓa kwana a shagonsa ba. Na ɗauka an gama. Ina! Ta sata ba ya so, ta halak ba zai biya ba, kuma firinta dole ta yi aiki. Da ya ji cewa abin da za a ba shi bayan ya biya jerin lambobi ne da haruffa, ba kwali ba faifai, sai da ya cire hula ya fifita kansa.

A ƙarshe dai ya biya. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Sabuwar manhaja tana da sharuɗɗanta: ƙwaƙwalwar kwamfutar ta yi mata kaɗan, sai an ƙara, wurin ajiya kuma ya cika maƙil, sai an kwashe komai an share, sannan a zuba ta.

Baba ya ce, "Wato na biya kuɗin baƙo, kuma ni zan gina masa ɗaki."

Ƙwaƙwalwar dai daga shagona na ɗauko, kada ku tambaye ni wa ya biya.

Tun ranar farko fuskar kwamfutar nan take ci min rai. Foldodi ne barbaje ko'ina, ba wadda aka raɗa wa suna, kowace tana nan da sunan da kwamfuta ta ba ta. Wasu sun cunkushe a gefe, wasu sun yi layi a karkace, ga wani fili da ya ratsa ta tsakiya ba komai a kansa. Na ga ɓarna iri-iri a sana'ata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

Da zan fara, Baba ya tsaya a kaina. "Kar ka motsa min komai."

"Baba, ko hoto ɗaya ba zai ɓata ba."

Kuma na cika alkawari. Na kwafe komai a wani rumbun ajiya, na duba na sake dubawa, sannan na share, na fara zuba sabuwa. Wunin ranar yana zagaye ni, duk bayan ɗan lokaci ya ce, "Har yanzu?" Da la'asar aka gama. Na mayar da foldodin, kwamfuta ta jera su sahu-sahu a gefen hagu, gwanin sha'awa. Na gwada firinta, ta fito da hoto tangaran. Na miƙe ina jiran yabo.

Baba ya zauna, ya ɗora hannu kan linzamin kwamfuta, ya kai shi can sama ta dama, ya danna. Ba komai a wurin. Ya sake dannawa.

"Ina gidan mai gyaran babur?"

"Gidan wa?"

"Ina titin? Injiniya, ina ka kai min titi?"

Sai a lokacin na ji bayani. Filin da ya ratsa tsakiya babban titinsu ne. Shagonsa yana tsakiya. Kowace folda gida guda ce, kuma ya ajiye ta daidai inda gidan yake a unguwa. Cunkoson da ke gefe gidajen haya ne na bayan makaranta. Waɗanda suka tashi ko suka rasu, yana ja su zuwa lungun ƙasa. Shekara da shekaru yana gina unguwar nan a fuskar kwamfuta, ni kuma na rushe ta a wuni ɗaya, kuma a shagon mai hoto ba wanda ya yi tunanin ɗaukar hotonta.

Raina ya ɓaci, na manta da kunyar surukuta. "Haba Baba! Me ya hana ka gaya min?"

"Na ce kar ka motsa."

Ya faɗa kuwa. Garin gyaran gira ke nan.

Muna cikin haka wata mata ta shigo tana son a sake wanke mata ƙaramin hoton ɗanta na makaranta. Aikin da Baba ke yi kafin mutum ya gama gaisuwa. Ya ce ta dawo gobe. Ta tsaya tana kallonsa, don ba ta taɓa jin haka daga bakinsa ba, tela kuma ya daina taka keke yana saurare. Na san in "dawo gobe" ta yawaita, labari zai kai kunnen babban wa.

Da ta fita na ce, "Abu mai sauƙi ne. Zan riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kai ka ga fuska ka faɗi gida."

Na buɗe ta farko, wani dattijo da 'ya'yansa. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya ce, "Wuce." Na buɗe ta biyu. "Wuce." Ta uku ma haka. Na fara tafasa, a zatona horo yake min. Na buɗe wata da ƙarfi, sai ga matata tana budurwa, ni ina tsaye a gefenta, a gaban shuɗin labulen nan. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan kamar 'yar gidan mai katako."

Na dubi fentin da ke ƙasa, na dubi almakashi a ƙusarsa, na dubi kofin shayi. Tausayinsa ya kama ni, da kunyar tsawar da na yi masa.

"Baba, 'yarka ce."

"Da wa?"

"Da ni."

Ya koma ya jingina da kujera. "To. Hoton ya yi kyau, ni na ɗauka." Ya rage murya saboda tela. "Tun bara waccan fuska ta daina zuwa min, sai inuwa. Murya nake ji, in gane gida, in kai hannu. Kyamara kuma ita ke saita kanta, in dai mutum ya zauna inda na ce. In 'ya'yana suka ji, makulli ya tafi."

Na ce ba zan faɗa ba, amma da sharaɗi, sai ya bi ni wurin likitan ido. Ya ce sai bayan wata shida. Na ce wannan makon. Ya ce wata uku. Mutumin nan har idonsa sai da ya yi ciniki a kai. Muka daidaita a ƙarshen wata.

Tun daga ranar, kullum in na rufe nawa shagon sai in wuce nasa. Ni nake buɗe folda in kwatanta: wani dogo mai wushirya, da mace mai tabarau, da tagwaye. Shi kuma ya ce, "Gidan direba ne, bayan famfo, gangara ƙasa. A'a, ka wuce, nan ai gidan maƙwabcinsa ne, kuma ba sa ga maciji." In na kuskure da faɗin yatsa sai ya ce bai san abin da aka koya mana a makaranta ba. Matar nan ta samu hoton ɗanta. Matata tana tambaya wace irin manhaja ce ba ta ƙarewa, ni kuma in ce tsohuwar kwamfuta sai a hankali.

Shekaranjiya muka zo kan foldarmu, wadda na bari sai ƙarshe. Gidana yana can hayin titi, don haka na fara jan ta zuwa gefen allo. Ya ji motsin linzamin ya yi tsawo.

"Ina za ka kai ta?"

"Gidana, Baba."

"Dawo da ita tsakiya, jikin shago. Nan take tun farko."

Na dawo da ita. Ya karɓi linzamin, ya kai hannu ba tare da lalube ba, ya danna, hoton ya buɗe. Ya zauna yana fuskantarsa.

Ya ce, "Yauwa. Kar ka motsa ta."