Ɗakin da Ke Yoyo a Mora

Toranke zuwa Maiduguri

Da asuba muka bar Toranke, ni da Baffa Idi, ƙanen mahaifina. Damina ce, a lokacin ina koyarwa a Gaya, ana kashe fam da sule. Saƙo ne ya zo cewa yayarsu, Goggo Hajjo, da aure ya kai Marwa ta ƙasar Kamaru tun ban san kaina ba, tana kwance, kuma ba ta da magana sai ta Baffa. Fargabarmu ɗaya ce, kada mu isa mu tarar an yi jana'iza.

A bayan keke na goya shi zuwa Gaya, yana rungume da ƙwaryar man shanu da ƙullin daddawa, tsarabar Goggo. Muka hau akori-kura zuwa Wudil, daga nan babbar mota ta kwashe mu. A Potiskum muka ci tuwo da miyar da ko gishiri ba ta gani ba. Na fara mita, Baffa ya lashe hannu ya gode wa mai tuwon. Haka muke da shi, ni da saurin baki, shi kuwa ko ƙaya ya taka sai ya ba ta haƙuri. Tashar Maiduguri muka kwana.

Mora

Washegari muka bi ta Bama, muka tsallaka iyaka a Banki. Muna shiga Mora ruwa ya kece, aka sa shinge a hanya, aka ce babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta tsane. Ba mu san kowa ba, dole muka kama ɗaki a wani otal na wata mata 'yar kudancin ƙasar, kowa Madam yake ce mata.

Ni da na sha jin labarin otal a bakin abokai, na zaci fanka da madubi. Abin da muka tarar gadaje ne biyu masu ƙara, da rufin kwano mai yoyo daidai kan katifar Baffa. Na ce mu yi musaya, ya ƙi. Na miƙe zan je in yi wa matar tas, ya riƙe mini riga.

"Zauna, Sule. Baƙo ba ya faɗin aibin ɗakin da aka sauke shi."

Na ce ai biya muka yi, ba alfarma ba ce. Ya ce ko an biya, mai gida mai gida ce. Da gari ya waye yana tari, ya yanki man shanun Goggo, ya ɗebi daddawa, ya tafi gaida mai masaukinsa da Fulatanci. Ina jin harshen, ko da yake bakina ba ya juya shi sosai. Ta tambaye shi kwana, ya ce lafiya lau, ɗaki sai godiya. Haushi kamar ya kashe ni.

Sai da ta fito da katifu shanya ta ga tasa sharkaf. Ta yo kanmu da faɗa, wai shekararta nawa da otal, an zage ta, an gudu ba a biya ba, amma ba a taɓa kawo mata tsaraba a kuma ɓoye mata yoyo ba.

"Baba, in ba ka faɗa ba, ta ina zan gyara? Shirun nan cutata ka yi."

Kunya ta kama Baffa, ya ce shi ba ɗaki ne damuwarsa ba, hanya ce. Nan ya ba ta labarin Goggo. Ta ɗaura ɗankwali ta fita. Kafin azahar sai ga ta da wani direban jif da ke cin abinci wurinta, irin ƙananan motocin da ake bari su wuce shinge.

Marwa

Mun isa da la'asar, muka sami Goggo da ranta. Ta shafa fuskar Baffa ta kira shi da sunan yarinta. Ya ba ta haƙuri tsarabarta ta ragu a hanya, ta yi dariyar da 'ya'yanta suka ce sun daɗe ba su ji ba. Na fita waje na yi kuka. A ranar da hanya ta buɗe wa manyan motoci aka yi mata sutura, Baffa na sahun gaba.

Komowa

Da muka biyo ta Mora, Madam ta nuna mana rufin an liƙe. Ta yi mana ta'aziyya, ta ce ba za ta sallame mu ba sai Baffa ya faɗi aibi ɗaya. Ya yi ta juya hula, can ya ce a hankali, shayin ba sukari. Ta ƙaro masa sukari har da tafi.

Mun iso Toranke lafiya, mun gode wa Allah, mun gode wa direban jif ɗin nan da ko sunansa ban tambaya ba, da Madam. Har Baffa ya rasu, duk fataken da ya ji za su Marwa sai ya ba su man shanu su ajiye a Mora, ya ce su gaya mata ɗakinsa na nan Toranke ma yana yoyo.