Na'Allah Da Akwatin Gilashin Madam

Yayana Na'Allah ya shekara talatin yana tuƙa kwalekwale tsakanin Lolo da ƙauyukan ƙasar Benin, kuma ko sau ɗaya jirginsa bai taɓa kifewa ba. Wannan gaskiya ce, ba na musu. Abin da ya ishe ni shi ne yadda ya ɗauka duk duniya kwalekwale ce. Idan jirgi ya karkata, sai ya ce wa fasinja mai ƙiba ya koma gefen da ya ɗaga, nan take jirgi ya daidaita. Iyakar iliminsa ke nan, kuma da shi yake auna komai.

Ni ce Sabuwa, ƙanwarsa, sana'ata bandar kifi. Tun da matarsa ta rasu ni nake dafa masa abinci, don haka ni na san yadda bayansa ya lalace. Akwai safiyar da sai na kama hannunsa kafin ya miƙe. Kullum ina roƙonsa ya bar ruwa, kullum yana tambayata abin da zai ci.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, ma'aikata suka ƙaru a Bagudo. Madam Mojisola, Bayarabiyar da ta daɗe tana sayar da abinci a bakin tasha, ta sayo wani ƙaton akwatin gilashi daga Benin, wai mai cin abinci ya ga kifinsa da rai ya nuna wanda yake so. Tsawonsa ya kai mutum a kwance. Yaya ne ya haye da shi kogi cikin katifu biyu, ko ƙwarzane bai yi ba. Don jin daɗi Madam ta ce ta ba shi aikin kula da akwatin: ya canza ruwa, ya ciyar da kifi, ya zauna a inuwa. Ranar har guɗa na yi, don na ga bayan yayana zai huta.

Dele kafinta ya ƙera wa akwatin teburi mai ƙafa shida. Da aka ɗora, ya ce daɓen shagon a gangare yake, kada a zuba ko ɗigon ruwa sai ya dawo daga Kamba da abin awonsa ya sa wa ƙafafun katako. Kwana biyu kawai ya nema. Madam ma ta ce washegari za ta tafi kasuwa, ta bar wa Yaya makulli.

Washegari da hantsi na kai masa fura, sai na tarar da 'yan garuwa suna fita. Ruwa ya kai rabin akwatin, tarwaɗa goma sha biyu suna yawo a ciki. A gefen ƙofa ruwan ya fi zurfi da kusan faɗin tafin hannu.

Na ce, "Yaya, mi a haka? Ba Dele ya ce a jira shi ba?"

Ya ce, "Dele katako yas sani. Ruwa kau nawa na. Kihin ga cikin daro za su mutuwa kahin shi dawo."

Na nuna masa yadda ruwan ya taru gefe guda. Ya ce ai ya gani, jirgi ne ya karkata, kuma maganin karkata kaya. Ya fita waje ya ɗauko dutse ya nutsa shi cikin akwatin, a gefen da ya ɗaga. Ya ja da baya ya rufe ido ɗaya yana dubawa. Babu abin da ya motsa. Ya ƙaro na biyu.

Raina ya ɓaci. Na ce masa wannan teburi a kan siminti yake, ba a kan kogi ba, ko jaki ya sa a ciki ƙasa ba za ta nutsa ba. Na ce a kwashe ruwan a mai da kifin daro, in ya so mu cusa guntun katako ƙarƙashin ƙafafun da ke gangare, ko dai mu jira mai aikin.

"Ke Sabuwa, hayaƙi kinka sani. Shekara nawa kinka yi bisa ruwa?"

Wallahi da ba yayana ba ne da na kwaɗa masa ƙwaryar furar. Ina cikin magana ya shige kicin ɗin Madam, ya rungumo dutsen niƙan tattasai, da wannan bayan nasa da ba ya iya ɗaukar buta. Na tare ƙofa, ya ture ni da kafaɗa. Ya sauke dutsen a hankali, da bismillarsa, kamar mai kwantar da jariri.

Muka ji ƙas. Wani siririn layi ya taso daga kusurwa ya bi gilashin har sama. Yaya ya ɗora tafin hannunsa a kai, wai zai tare. Gaba ɗaya gefen ya buɗe. Ruwa ya share kujeru, ya kashe murhu, ya fita ta ƙofa da tarwaɗa a ciki, har masu jiran mota suna tsalle suna kamawa.

Madam ta dawo ta same mu muna tsintar gilashi. Na so ta yi faɗa, da na fi jin sauƙi. Ta dubi shagon, ta dubi Yaya, ta miƙa hannu ta karɓi makullinta.

"Baba, ka je gida ka huta," in ji ta.

Bayan sati guda Yaya ya koma Lolo ya kwance jirginsa, kuma har yau a kansa yake. Idan ya dawo da la'asar, kwanciya yake rub da ciki a tabarma in shafa masa man shanu a baya, yana cije leɓe don kada in ji nishinsa. Ina shafawa ina jin haushi, ina jin tausayi, ban san wanda ya fi yawa ba. Shekaranjiya ma, fuskarsa a ƙasa, ya ce mini, "Kin san dai, Sabuwa, da gilashin nan ya yi haƙuri an ƙara dutse guda, da ya zauna daidai."