Komisar da jan farce

Jama'a, yau saura ƙiris a ƙona mini Komisar da ranta!

Komisar bushiya ce. Su uku ke shigowa ɗan lambun salatina a unguwarmu ta Bobiel. Suna cinye mini tsutsotsi, ni kuma ina ajiye musu ruwa da ragowar kifi. Wannan ci kawai take yi ta wuce, ko godiya babu, shi ya sa na laƙa mata sunan Komisar, wato shugaban 'yan sanda. Don in riƙa gane ta, na ɗiga wa ƙayarta jan farcen matata.

Da safe ina tada moto, sai ihu daga gidan maƙwabciyata, Hajiya Mariyama. Na ruga. Tsakar gida maƙil da mata! An kira Malam, ga isansi, wato fetur, ga ashana.

Hajiya na kuka: "Jifa ne! Saura kwana uku bikin ɗiyata, ga bushiya da jini a ƙofar ɗakina!"

Malam ya duƙa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Daga nesa aka turo ta. Sai da ta ƙetare kogi."

Na ce, "Gafarta Malam, rariya ta ƙetare. Tawa ce."



Hajiya ta ce, "Mushe Isa, taka? Jinin fa?"

Na ce, "Jan farcen Madam ne."

Sai muryar matata a bayana: "Wanda nake nema sati biyu? Wanda na kira ƙanwata ɓarauniya a kansa?"

Komisar dai ta tsira, tana can cikin salati tana barci. Ni ne Madam ta koro, nake rubuto muku daga bakin titi, ko kumallo ban karya ba!