Gwangwanin da Ya Riga Mu Haye Rafi

Jiya da hantsi na buɗe kwalbar man zafi, ƙanshinsa ya daki hancina, sai hannuna ya tsaya cak. Jakar magani nake haɗa wa 'yata, za ta bi mahaifiyata ƙauye biki. Amma ƙanshin nan ya ɗauke ni daga bakin gadon, ya mayar da ni garinmu Kibiya cikin marka, shekarar da nake aji biyu na firamare.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. In kai ɗan wajenmu ne ka san nauyin wannan magana. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona a gaban mutane, ko faɗuwa na yi wata ce za ta ɗaga ni. "Ke" nake a bakinta, in kuwa da baƙi, "waccan". Ƙaunarta a ɓoye take tafiya. Nakan tsince ta a ƙasan malmalar tuwo, inda take binne mini tsokar nama, ko a tafin hannunta da take ɗora wa goshina da asuba tana zaton barci nake.

A shekarar ne asma ta fara taɓa ni. Baba ya kai ni asibiti a Rano, aka ba ni wani abin shaƙa shuɗi, aka koya mini yadda ake matsa shi. Kaka, mahaifiyar Baba, abin da ta sani kawai shi ne ina tarin sanyi kuma an ba ni magani. Baba ya koma Kano wajen aikinsa, Inna kuwa ba za ta zauna gaban surukarta tana zancen ciwon 'yar fari ba.

Sai aka yi haihuwa a dangin Kaka, a wani ƙauye gaba da Durba, ta ce da ni za ta je suna.

Da safen tafiyar Inna ta saki labule, ta jawo babban gwangwanin madara da ta wanke ta shanya. Ina raɓe jikin gado ina kallo. Ta sa farasitamol, ta sa maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ta ɗaure da jan zare don kada a rikita. Ta sa gishiri da sukari na leda saboda gudawa, da auduga, da bandeji, da ɗan almakashinta na ɗinki. Man zafi ya shiga gefe. Abin shaƙar ta daɗe tana juya shi a hannu, ta girgiza shi kusa da kunnenta, sannan ta kwantar da shi a sama ta rufe murfi.

Kaka ta ɗaga labule. "Me ake ƙunshewa haka kamar kayan amarya?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Ba komai, Iya. 'Yan tarkace ne."

Na ga bakinta ya buɗe, na ga ya sake rufewa. Ta cusa gwangwanin cikin kwandon kayan barka, ƙarƙashin sabulu da turmin atamfa. Baffa, ƙanen Baba, ya ɗaure kwandon a bayan babur ya yi gaba, don Kaka ta rantse ba ta hawan wannan abin mai ƙafa biyu. Mu muka shiga mota zuwa Durba, daga nan muka kama hanyar ƙafa.

Dawa ta fi Kaka tsawo a lokacin. Muna ratsa gonaki tana tsokanata, "Ƙawata, ɗaga ƙafa, kada a cinye mana waina." Ba mu yi nisa ba gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta kwantar da dawar, ɗigon farko ya faɗo mini a ka kamar tsakuwa. Muka ruga wata rugar Fulani da ke kusa da rafi, wata dattijuwa ta ja mu cikin bukkarta. Ganin mun jiƙe sharkaf, ta hura mana wuta da ɗanyen itace don mu ji ɗumi.

Hayaƙin ya cika bukkar, ba shi da hanyar fita.

Da farko tari ne. Daga baya sai na ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiyar guga ana ja. Ina jawo iska tana zuwa siririya, kamar ta cikin tsinke, da wani kuka irin na ɗan kyanwa. Kaka ta yi addu'a ta tofa mini. Dattijuwar, don tausayi, ta zuba wasu ganyaye a garwashi ta kawo mini kusa da fuska, abin ya ƙara tsanani. Na ture kaskon. Ban iya kuka ba, kuka ma sai da numfashi.

"Gwangwani," na ce.

"Wane gwangwani, ƙawata?"

"Na Inna. Kwando."

Ban taɓa ganin fuskar Kaka ta yi haka ba. Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta ce a hankali, "Tarkacen nan?" Na gyaɗa kai.

Ruwa bai gama tsagaitawa ba ta sunkuya ta goya ni, tsohuwar da ko tulu ta daina ɗauka. Da muka isa bakin rafi ta ja ta tsaya. Rafin da Baffa ya haye da babur ɗazu ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi ba, yanzu ya cika ya batse, jawur, yana tafe da rassan itace. Can tsallake ga Baffa ƙarƙashin tsamiya, inda ya tsaya jiranmu, yana ɗaga mana hannu, ga kwandon ɗaure a bayan babur. Ina ganinsa da idona. Kaka ta yi ta ƙwala kira, rafin yana haɗiye muryarta. Baffa kuwa bai iya ruwa ba.

Mijin dattijuwar ne ya biyo mu, dogon tsoho mai farar ƙasumba. Ya dubi leɓɓana, ya tambayi Kaka abu ɗaya: "Me za a ɗauko?" Ya koma ya koro wani farin bijimi, ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya kama wutsiyarsa suka faɗa ruwa. Ruwan ya ja su ƙasa-ƙasa, ƙahon bijimin kawai nake hange, har suka ɓace bayan kwana.

Wannan jiran shi ne abin da ya fi komai tsawo a rayuwata. Gefen idanuna ya fara duhu. Ina jin bugun zuciyar Kaka ta bayanta. Abin da ke raina shi ne zan mutu a nan, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba.

Sai ga farin bijimin ya ɓullo daga saman rafin, inda suka sake shiga, tsohon na riƙe da wutsiya, gwangwanin ɗaure a kansa da rawani. Kaka ta zazzage shi a kan zanenta. Ba ta san wanne ba ne. Man zafi ta gane, ta lakato ta shafe mini ƙirji tana salati. Ni na miƙa hannu na ɗauki shuɗin, na matsa yadda aka koya mini, na sake matsawa. A hankali igiyar ta fara sassautawa. Iskar farko da ta shiga har ƙasa, ƙanshin man zafi ne da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Bayan kwana uku muka dawo. Kaka ba ta ko cire mayafi ba ta dire gwangwanin gaban Inna a tsakar gida.

"Tarkace, ko? Saura ƙiris kunyarki ta binne mini ita a bakin rafi."

Inna ta durƙusa, hawaye na sauka. Kaka ta zauna kusa da ita. "Mu muka koya miki, mu ma haka aka koya mana. Amma daga yau, a kan magani babu kunya. Tashi ki nuna mini su ɗaya-ɗaya."

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Tsohon nan ban sake ganinsa ba, ban ma san sunansa ba. Ni yanzu sunan 'yata ta fari sau goma nake kiransa kafin azahar, ƙawayena ma haka, kuma wani lokaci nakan ji kewar irin waccan ƙaunar da ake binnewa a ƙasan tuwo. Amma jiya da Inna ta zo ɗaukar jikarta, na zazzage jakar a gabanta, na faɗi aikin kowane magani da babbar murya. Ta saurara, ta ce in maimaita, na maimaita.

Direba ya miƙo hannu zai sa jakar a but tare da sauran kaya. Inna ta janye, ta rataya ta a wuya ƙarƙashin mayafi. "Wannan tare muke zama."

Har yau ba ta kiran sunana. Ta shiga mota, ta gyara wa yarinyar zama, idonta na kan hanya ta ce, "Ke kuma, naki na shaƙar yana kusa?"

Na taɓa aljihun jakata. Yana nan.